Amsa: layin siriyal ya ƙi nuna wurin shiga a sabar Ubuntu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, kana da saba mai Ubuntu a shagonka na Tudun Wada, ba ta da allo. Ka jona ta da laftof ta wayar siriyal, ka gyara /etc/inittab kamar yadda wani tsohon bayani ya ce, amma wurin sa suna bai fito ba, wani lokacin ma sai tarkacen haruffa kamar rubutun aljanu. Kana kuma so sunan shagon ya riƙa fitowa a sama.

Da farko ka rabu da inittab. Ubuntu ta daɗe da daina kallon wannan fayil, kuma tun daga 15.04, a 2015, systemd, shirin da ke tada sauran shirye-shirye idan an kunna kwamfuta, shi ke riƙe da ragama. Duk abin da ka rubuta a ciki zuba ruwa ne a kwando.

Mai fito da wurin shigan nan wani ɗan shiri ne, agetty. Kamar maigadi yake a bakin layi: ya buɗe layin, ya buga abin da ke cikin /etc/issue, ya karɓi suna, ya miƙa wa shirin login. Ka tashe shi da wannan:

sudo systemctl enable --now serial-getty@ttyS0.service

Wannan ttyS0 sunan soket ɗin siriyal na farko ne, wanda Windows ke kira COM1.

To, rubutun aljanun nan shi ne inda na sha wuya. Na taɓa ɓata yini guda a wani ofis a Kawo, tun hantsi har aka kira la'asar, ina ta zargin waya, ina hure ƙura daga soket. Ashe hannuna ne ya saba da kayan sadarwa na Cisco masu gudun layi 9600, na sa shi ba tare da tunani ba, sabar kuwa tana magana a 115200. Dole gudun ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu. Daga laftof mai Linux da adaftar USB ka rubuta:

screen /dev/ttyUSB0 115200

Sai ka danna Enter sau ɗaya ko biyu. Da yawa nan suke karaya, su zauna suna kallon baƙin allo, alhali rubutun ya riga ya fita tun kafin su jona. In ya ce ba ka da izini, ka sa kanka a rukunin dialout, na waɗanda aka yarje wa amfani da layin siriyal, ka fita ka sake shiga. Mai Windows kuma shirin PuTTY ya ishe shi a madadin screen.

In har yanzu shiru, wayar ce. Tsakanin kwamfuta da kwamfuta sai wadda aka gitta ƙafa ta 2 da ta 3 na bakinta, irin da ake kira null modem. Ta 5 kuma ita ce ta ƙasa. Mai shago zai ce maka "ai duk ɗaya ne, Alhaji", don a ido babu bambanci. Ba ɗaya ba ne. Adaftar kuma ga yadda nake gwada ta: in haɗa ƙafa ta 2 da ta 3 da ɗan ƙarfe, in buga haruffa. In sun dawo kan allo, lafiyarta ƙalau.

Abin da zan fi ba ka shawara shi ne ka buɗe /etc/default/grub, fayil ɗin saitin tashin kwamfutar, a layin GRUB_CMDLINE_LINUX ka sa console=tty0 console=ttyS0,115200n8, sannan ka yi sudo update-grub ka sake kunnawa. Da haka systemd zai tashi agetty a layin da kansa, kuma za ka ga saƙonnin tashi. Da yadda ake ɗauke mana wuta, ranar da sabar ta maƙale wajen duba faifai, ta nan kaɗai za ka san abin da ke damun ta. Ka bar siriyal ɗin a ƙarshe, domin na ƙarshen shi ne babba.

Sunan shago kuwa ba wuya. Rubuta shi a /etc/issue. \n yana buga sunan kwamfutar, \l sunan layin, \4 kuma adireshin IP. Ni wannan na ƙarshen ba na barin sa, saboda in wuta ta dawo rauta ta canza adireshi, da ka jona waya za ka gan shi tun kafin ka shiga. Sai dai ta SSH, wato shiga daga nesa ta netwok, ba zai fito ba sai ka saita Banner a sshd_config, kuma can ba a fassara waɗannan alamomin, yadda ka rubuta su haka za su fito.

Za ka ji wasu na cewa ka sa --autologin, wato shiga ba tare da suna da kalmar sirri ba, ka huta. A shagon da yara ke shige da fice, kada ka soma: duk wanda ya jona waya ya shiga kenan.

In ka gwada bai yi ba, turo mana abin da systemctl status serial-getty@ttyS0 ya nuna, tare da na dmesg | grep tty, mu ga ko kwamfutar ma ta ga soket ɗin. Wasu a kashe yake zuwa daga BIOS.