Dokar daidaiton intanet da masu buga gem

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dokar da ta hana kamfanin intanet fifita wata data kan wata tana shafar masu buga gem. Tana shafa mana. Gem ba ya cin data kamar bidiyo, abin da ya dame shi jinkiri ne, wato lokacin da saƙonka ke ɗauka ya je saba (babbar kwamfutar da ke ɗauke da gem ɗin) ya dawo. A milisakan 30 komai sumul, amma ya haura 150 sai ka ga ka danna harbi mutumin ya riga ya kwantar da kai, kana ta zagin waya alhali ba laifinta ba ne. To in babu dokar, kamfani na iya buɗe layin gaggawa ga wanda ya biya, babban gem ya biya ya wuce, ƙarami ya bi dogon layi.

A Amurka hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, FCC, ta kafa dokar a 2015, aka soke a 2017, aka dawo da ita 2024, kotu kuma ta rushe ta a Janairun 2025. Tarayyar Turai tata na nan daram.

Amma fa in saba na nesa da kai ko Wi-Fi ɗinka na wasa, ba dokar da za ta gyara maka, in matsalar Wi-Fi ce jona kebul ɗin intanet kawai.