Hukuncin Cigiyar Karen Gadi da Ya Ɓace, da Yi wa Mamaci Sadaka ta Hanyar Ciyar da Dabbobi

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni bakanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai a nan Kumasi ta ƙasar Gana, gidanmu kuma yana Aboabo. Mahaifinmu ya rasu bayan Babbar Salla. Shekarun baya, wata damina, ya tsamo wani ɗan kwikwiyo daga kwata, ruwa na shirin tafiya da shi. Ya yi jinyarsa har ya girma, ya zama shi ke gadin garejinmu da dare. Ranar jana'iza yaran aiki suka fita a gigice suka bar ƙofa a buɗe, karen ya fice, har yau ba labarinsa. Mun sa hotonsa a WhatsApp, samarin unguwa sun tara kuɗi ta Momo, wato tura kuɗi ta waya, don nemansa, mun kuma yi alkawarin sidi 500 ga wanda ya kawo shi. Limaminmu ya ƙi a yi sanarwa da lasifikar masallaci, wasu dattawa kuma suna cewa abin kunya ne Musulmi ya yi cigiyar kare. Sannan yayata da ke aure a Jamus tana so a ware wani abu daga gado, ko daga zakkarta, a bai wa masu kula da karnukan titi da sunan Baba da sunan karen. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Ɗana, abin da mahaifinka ya yi a bakin kwatar nan yana da asali mai ƙarfi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wani matafiyi ya sauka rijiya ya sha ruwa, da ya fito sai ya ga kare yana lasar danshin ƙasa saboda ƙishi. Ya koma ciki, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da shi, sai Allah ya gode masa ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko har dabbobi ma akwai lada a kansu, Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. A wata ruwaya kuma karuwa ce daga Banu Isra'ila aka gafarta mata saboda irin wannan aiki. Muna fatan mahaifinku ya tarar da nasa.

Amma dattawan ma ba da ka suka yi magana ba, kada ku raina su. Ya inganta cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya, wato wani kaso, na ladansa kullum, a ruwayar Ibn Umar ma ƙiraɗi biyu. Ya kuma inganta cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Duk wanda ya zauna gaban malami a zangunan nan ya karanta Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya san mawallafinta Ibn Abi Zaid ya ce ba a ajiye kare a gidajen birni ko na ƙauye sai don gona ko dabbobi ko farautar neman abinci. Wannan shi ne abin da dattawan suka taso suka ji.

Abin da bai kai ga kunnen da yawansu ba shi ne abin da masu sharhin Risalar suka kawo game da mai littafin kansa. Katangar gidansa ta faɗi a Ƙairawan, cikin Tunisiya ta yau, a lokacin tsoro, sai ya ajiye kare. Aka ce masa ai Imam Malik ya karhanta haka, sai ya ce da Malik ya riski zamaninmu, da zaki mai cizo zai ajiye. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Ibn Abdil Barr, babban malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a shekara ta 463 bayan hijira, ya faɗaɗa maganar, ya ce ana ajiye kare don jawo amfani da tunkuɗe cuta idan akwai buƙata, Nawawi ma daga ɓangaren Shafi'iyya ya inganta halaccin karen gadin gida bisa ƙiyasi. Garejin Magazine kuwa, inda motocin mutane ke kwana da batura da injuna da kayan gyara, duka amana a wuyanka, ya fi gonar dawa buƙatar mai gadi. Karenku yana cikin waɗanda aka yi izini, ba ragin lada a kansa in sha Allah. Wanda ba mu yarda da shi ba shi ne karen kwalliya da ake kwana da shi a gado, ko wanda ake saki a tsakar gidan haya irin namu na Aboabo da Asawase, inda iyalai da yawa ke girki da alwala a fili ɗaya, yana firgita yara yana hana baƙi sallama.

Batun najasa ba sai na tsawaita ba. A mazhabar Malik duk mai rai tsarkakke ne, har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallage a ciki kuma bauta ce da aka umurta. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ce mai kauri, sau bakwai ɗaya da ƙasa. Duka fahimtar biyu akwai masu bin su a garin nan, wanda ya wanke tufarsa ya fita daga saɓani, wanda bai wanke ba kuma ba a ce sallarsa ta ɓaci.

Ina so masu ganin kare a matsayin abin ƙyama kawai su tuna aya ta 4 a Suratul Ma'ida, inda Allah ya halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, ya ce muna koya musu daga abin da ya koya mana. In an halatta horar da kare ya kamo zomo, ina ga wanda aka horar ya shinshino mutum a ƙarƙashin ɓaraguzai? Lokacin da benen kantin Melcom ya rushe a Achimota a Accra cikin Nuwamba 2012, sai da aka kawo masu ceto daga Isra'ila da karnukansu. A girgizar ƙasar Turkiyya ta 6 ga Fabrairu 2023, wadda ɗan ƙwallonmu Christian Atsu ya rasu a cikinta a Hatay, ƙasashe da dama da karnuka suka je, har wani karen sojojin Meksiko ya mutu a bakin aiki. Horar da irin waɗannan, da na gano ƙwaya da bama-bamai, da masu yi wa makafi jagora, halal ne, kuma wanda ya kashe kuɗinsa a kai da kyakkyawar niyya yana da lada.

Cigiya kuwa ba kunya a cikinta. Karen da aka yi izinin ajiyewa yana da ƙima a shari'a. Risalar da ake kafa muku hujja da ita, ita ce ta ce wanda ya kashe irin wannan kare zai biya ƙimarsa, Sahnun ma, ɗaya daga manyan malaman Malikiyya, an ruwaito ya ce zai sayar da shi ya yi hajji da kuɗin. Bayan haka, ciyar da dabbar da ke hannun mutum wajibi ne a kansa, ai ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Kare da ya saba da akushi, in aka bar shi a titi, ko yunwa ko mota ko hannun masu satar karnuka su kai kasuwa, don a ƙasar nan akwai masu cin namansa. Samarin da suka bar aikinsu suka zaga lunguna sun yi taimakekeniya a kan alheri, Allah ya saka musu.

Sai dai limaminku ya yi daidai, kuma ina so ka je da kanka ka gaishe shi don kada wani abu ya zauna a zukata. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya ji mutum yana cigiyar abin da ya ɓata a masallaci, ya ce masa kada Allah ya maido maka, domin ba don haka aka gina masallatai ba. An faɗa wa mai cigiyar jan raƙumi makamancin haka, raƙumi kuwa shi ne dukiyar Balarabe mafi tsada, saboda haka ba don naku kare ne aka hana ba. Ko akuya ce ko waya ko fasfo, hukuncin ɗaya ne. Na san za ka ce ai ana sanar da ɓatan yaro da wannan lasifikar. Haka ne, malamai sun yi rangwame a nan saboda rai na ɗan Adam lalura ce, ba a ƙiyasta dukiya a kansa. Ku tsaya a wajen harabar masallaci bayan an sallame ku faɗa wa jama'a, ku kai sanarwa gidajen rediyon da ke shirye-shiryen Hausa, ku yi magana da masu pragya da masu aboboya, wato baburan ƙafa uku na fasinja da na kaya, da mahauta da masu sayar da abinci da dare, waɗannan su ke ganin duk abin da ke yawo a gari.

Sidi 500 ɗin nan ita ake kira ji'ala, kuma asalinta yana cikin Suratu Yusuf aya ta 72, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Sharaɗinta a san adadin, kuma ba a cancanci ladan ba sai an kawo abin. Malamanmu ma sun ce sharɗanta biya tun kafin aiki yana ɓata ta. Wannan zai amfane ka, domin da zarar lambar waya ta shiga WhatsApp za a samu mai kira ya ce karen yana hannunsa a Tafo ko Ejisu, a turo kuɗin mota tukuna. Kada ka tura ko kwabo sai ka gani da idonka. Wanda kuma karen ke hannunsa, ya san mai shi, ya ɓoye yana jiran a ƙara farashi, ya sani maidowa wajibi ce a kansa.

Ka gargaɗi yaran da ke nema kada su kama karen da ba su sani ba da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da alamu sun bayyana kusan ba a tashi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar don allura, ban da tsayawa shafa magani a gida. In an samu naku, likitan dabbobi ya fara ganinsa kafin ya koma gareji, tunda ba ku san da wa ya cuɗanya ba.

Yanzu maganar yayarka, kuma nan ne na fi jin tsoro a kanku. Sadaka tana isa ga mamaci, wannan ba saɓani a cikinsa. Wani ya ce wa Annabi (SAW) mahaifiyarsa ta rasu farat ɗaya, ko tana da lada in ya yi mata sadaka, ya ce e. Sa'adu bn Ubada ya tambayi wace sadaka ta fi don tasa mahaifiyar, aka ce masa shayar da ruwa. Ciyar da dabba mai yunwa sadaka ce, saboda haka in yayarka ta ciro daga aljihunta ta bayar da niyyar ladan ya kai ga Baba, ya halatta, ko da masu kula da dabbobin ba Musulmi ba ne, muddin an tabbatar kuɗin yana zuwa inda aka ce. Amma a cire sunan karen daga niyya. Dabba ba a ɗora mata shari'a ba, ba ta da littafin da za a zuba mata lada.

Zakka kuwa ba ta shiga nan ko kaɗan. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa gida takwas, dukansu mutane ne. In ta kai zakkarta can, har yanzu zakkar tana wuyanta.

Gado kuma tun ranar da mahaifinku ya cika ya zama haƙƙin masu shi. Bayan kuɗin jana'iza, bashi ake fara biya, sai wasiyya in akwai, kada ta wuce kashi ɗaya bisa uku, sannan rabo. Mai gareji da wuya a ce ba ya da ciniki da dilolin kayan gyara ko kuɗin aikin da ya karɓa bai gama ba, ku bincika da kyau, domin hadisi ya ce ran mumini yana rataye da bashinsa har a biya masa. Ba wanda zai ciri sidi ɗaya daga dukiyar da ba a raba ba sai da yardar kowane magaji baligi, kuma in akwai ƙananan yara a cikinku, rabonsu ba a taɓa shi ko da uwarsu ta ce ta yarda. Na sha ganin gidajen da aka cinye haƙƙin marayu a hidimar sadakar bakwai da ta arba'in, ana ganin ana kyauta wa mamaci. In kuma yayarka ta nemi shawarata a kan abin da ya fi, sai in ce ta fara duba dangin Baba masu rauni, don sadaka ga ɗan'uwa lada biyu ce, sannan ta haɗa hannu a borhol ko tankin ruwa, ta sa a gina ɗan kwami a gefe inda dabbobi za su sha.

Kuɗin da samari suka tara ta Momo amana ne, an bayar da shi don abu guda. Ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ka sa a zauren WhatsApp ɗin kowa ya gani. In an samu karen, ko aka daina nema, saura bai zama naka ba, bai kuma zama na gado ba. Ko dai ka maida wa masu shi, ko ka tambaye su su yarda a juya shi zuwa allurar rigakafi ga karnukan unguwa ko wata sadaka. In kuma gawarsa aka tarar, a haƙa rami nesa da rijiya da hanyar ruwa a binne shi don kada ya cutar da mutane, ba wanka, ba salla, ba zaman addu'a.

Allah ne mafi sani.