Cinikin tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska

Tambaya: Malam, ina zaune a Michigan, Amurka. An yi mini tallar tsohon Catalina 22 haɗe da tirelarsa. Nawa zan taya?

Amsa: Ɗan'uwa, tun 1969 aka fara ƙera irinsa, kayan gyaransa ba sa wuya. Cire takalmi ka tattaka samansa ko'ina. Inda ya lotsa ƙarƙashin ƙafarka, ruwa ya shiga, katakon ciki ya ruɓe. Ni dai a nan nake fasa ciniki. Duba wayar da ke ɗaga ƙarfen gindinsa (ƙarfe mai nauyi da ke hana jirgin kifewa), da tayoyin tirela, da takardun mallaka. Lissafa kuɗin gyara a gaban mai shi, ka zabge daga farashin. Kuma ka bari sai Oktoba, lokacin yana neman rabuwa da shi kafin ƙanƙara ta sauko.