Wace Pokédex ce ta fi tsari?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace Pokédex ce ta fi tsari tun daga ta farko, wato na'urar nan da ke adana bayanan halittun Pokémon a wasannin bidiyonsu. Ni dai ta wasan Diamond da Pearl ta 2006 ce gwanata: allo biyu gare ta, kuma ana ninke ta, sak Nintendo DS ɗin da ake buga wasan a kai. Ta farko ta 1996 ja ce mai murfi, Pokémon 151 kacal ta sani. A Sun da Moon na 2016 wani Pokémon mai suna Rotom ya shige cikinta, ga surutu kamar me. Daga Sword da Shield na 2019 kuwa sai ta koma manhaja cikin waya, irin wayar da samarin Damagaram ke latsawa a Kasuwar Dole. Wannan kam ba ta burge ni ba.