Jar fitilar amfilifaya ba ado ba ce

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a jami'ar Maradi. In Innarmu ta kira ni ta layi daga Tasawa, muryarta siririya nake ji kamar ba ita ba, amma in saƙon murya ta turo ta WhatsApp sai in ji ta sak. Salulata ce ta lalace ko tata?

Amsa: Duka lafiyarsu ƙalau, ƴar'uwa, kar ki kai wa mai gyara ya karɓe miki kuɗin banza. Muryar mutum ba sauti ɗaya ba ce. A ce maƙogwaron Inna yana karkarwa sau 200 a sakan, wannan ita ce uwar sautin. A tare da ita akwai ƴaƴanta masu karkarwa sau 400, sau 600, sau 800, haka har sama. Baki da hanci da maƙoshi ke ƙarfafa wasu, su danne wasu, kuma kowa da irin tasa halittar. Wannan haɗin shi ne launin sauti. Da shi kike gane Inna tun daga sallama, da shi kuma kunne ke raba goge da algaita ko da sun tsaya a kan amo ɗaya. Bajamushe Hermann von Helmholtz ya yi bayanin wannan tun 1863.

Kunnen matashi yana ji daga Hz 20 zuwa 20,000, wato karkarwa sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan. Kiran layi na gargajiya kuwa daga 300 zuwa 3,400 kawai yake ɗauka. Kin ga har uwar sautin an yanke ta a hanya, ƙwaƙwalwarki ce ke cike gurbin daga ƴaƴan da suka iso. Saƙon WhatsApp ya fi layi faɗi nesa ba kusa ba, shi ya sa ya zo miki da Inna gaba ɗayanta.

Akwai kuma farkon bugu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. A 1948 wani injiniyan gidan rediyon Faransa, Pierre Schaeffer, ya yanke farkon bugun ƙararrawa daga abin da ya naɗa, sai ragowar ta koma kamar kayan busa. Mai tambaya ta gaba ya riƙe wannan da kyau.

Tambaya: Ni nake sa kiɗa a bukukuwa a unguwar Zariya. Na sa manhajar ƙara murya a salula har kashi 200, na ƙure amfilifaya, na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, jar fitilarta a kunne tun daga farawa har a tashi. Duk da haka mutane na cewa kiɗana ba daɗi, kuma ƙananan lasifika biyu sun ƙone. Wace manhaja ce ta fi wannan ƙarfi?

Amsa: Ƙanena, ka ƙone biyu kana neman abin da zai ƙone na uku. Irin wannan wasiƙa ita ta fi yawa a cikin abin da ake aiko mini, to yau ka zauna ka sha karatu a madadin sauran.

Daɗin kiɗa yana cikin tazarar da ke tsakanin sassauci da tsanani. Tsaya kusa da mai kalangu ka kalli hannunsa. Zai yi ƙasa-ƙasa, maƙaɗi na taɓa fata da kyar, yana matse tsirkiya a hammata, mai kirari ya sassauta murya har sai ka miƙa wuya. Sannan ya sauke bugu guda mai nauyi, mata su rangaɗa guɗa. Sassaucin da ya gabata shi ya ba bugun nan nauyinsa. Da desibel ake auna wannan hawa da sauka: raɗa wajen 30, hira wajen 60. Faifan CD da ya fito a 1982 yana iya ɗaukar tazarar desibel 96, wato fili ne isasshe ga raɗa da ihu duka.

Sai dai filin yana da iyaka daga sama, kuma yawancin waƙoƙin da ke salularka sun riga sun taɓa ta tun daga situdiyo. Tiya in ta cika, duk geron da ka ƙara ƙasa yake zuba. Manhajar taka ba ta ƙara wa salula ƙarfin wuta ko kaɗan ba. Ɗayan biyu take yi: ko ta ɗago masu sassauci su yi kai ɗaya da masu tsanani, ko ta tura sautin ya wuce iyaka a datse kansa. Ta farko ta kashe hawa da sauka. Ta biyu ta fi muni, don datsewar tana haifo ƴaƴan sauti masu kaifi waɗanda babu su a waƙar, ta kuma cinye farkon bugun nan da na ambata. Launin ya tafi ke nan. Kalangu ya koma kwaf-kwaf, muryar mawaƙiya ta koma tsatsa. Ita jar fitilar da kake yi wa kallon ado, abin da take faɗa maka ke nan. Zafin kuma a siririyar wayar da ke cikin ƙaramar lasifika yake taruwa, ba hutu tsakanin bugu da bugu, har ta ƙone.

Na san abin da za ka ce: ai in na ƙara ya fi daɗi. Kunnenka ne ke yaudararka. Tun 1933 Fletcher da Munson a Amurka suka nuna cewa in sauti ya yi ƙasa, kunne ba ya kama bas, wato sauti mai kauri, sosai, in an ɗaga sai ya ji komai ya cika. Masu sayar da lasifika a kasuwa sun san wannan ko ba su taɓa jin sunan Fletcher ba. Wadda suke so ka saya, ita suke ɗan murɗa wa murya. Ka sa a daidaita ƙarfin biyun kafin ka yanke hukunci.

Masu situdiyo ma ba su tsira ba, kuma su nake jin haushi fiye da kai, don su sana'arsu ce. Tun shekarun 1990 ake tseren wa ya fi wani ƙara, kowa na matse waƙa har ta rasa numfashi. Buɗe irin waƙar a kwamfuta ka ga hotonta: baƙi ƙirin daga farko har ƙarshe, ba tudu ba kwari. Abin dariyar shi ne YouTube da Spotify suna rage duk waƙar da ta cika ƙara don ta yi daidai da sauran. Ƙarar da aka sayar da daɗi don a samu, an ƙwace ta, daɗin kuma bai dawo ba.

Ga abin yi. Goge manhajar yau. Murya a salula kada ta wuce kashi uku cikin huɗu. Mayar da ikwalaiza, wato maɓallan daidaita kauri da kaifin sauti, tsakiya, layi miƙe, ba wannan murmushin da kuke zanawa bas sama kaifi sama ba. In wani sashe ya dame ka, rage shi, kar ka ɗaga sauran. Jar fitila ta ƙifta jefi-jefi a babban bugu, in ta tsaya cak ka ja baya. Ɗaga lasifika bisa kan mutane, don jikin jama'a yana shanye kaifin sauti. In filin babba ne, ƙaro lasifika ka rarraba su. Masu kula da na'urar masallaci da wuraren wa'azi, wannan karatun har da ku: in malam ya ɗaga murya aka daina gane kalmominsa, na'ura ce ta shaƙe.

Tambaya: Na sayi lasifikar Bluetooth jika 15, an rubuta wat 5,000 a kwali, amma ko tsakar gida ba ta cikawa.

Amsa: Alhaji, wat 5,000 ya fi ƙarfin dutsen guga biyu a haɗe, a cikin abin da ake caji da wayar salula? Duba gefen lambar, za ka ga PMPO, lissafin talla ne. Nemi lambar da aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ke nuna ƙarfin da lasifika ke iya bayarwa a kai a kai. Kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai ka ninka wat wajen sau goma.

Tambaya: Ina naɗar karatun malaminmu a Tibiri, kafin ya zagaya zaurukan WhatsApp sai ya dawo kamar daga cikin ruwa.

Amsa: Wani a hanya yana kunna shi ya sake naɗa, ko yana mayar da shi bidiyo. Kowace sabuwar matsa tana zubar da wani abu, kaifin ne ke fara tafiya. Tura shi ta wurin da aka rubuta Document, ka ajiye na asali a WAV, irin fayil ɗin sauti da ba a matse ba. Salula kuma ta zauna kamu ɗaya ko biyu daga bakin malam, ba a sahu na uku ba.

Tambaya: In na mayar da MP3 mai 64 zuwa 320, zai gyaru?

Amsa: A'a. Waɗannan lambobi yawan bayanin da fayil ke ɗauka ne a kowane sakan. Fayil zai ninka girma sau biyar, abin da aka zubar ba ya dawowa. Nemi na asali.

Tambaya: Ni ɗan kabu-kabu ne, wuni nake da abin sauraro a kunne. Yanzu da dare ina jin "ziii" ba ya tsayawa.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ya wuce mai gyaran salula, ka je asibiti a duba kunnen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako ita ce iyakar babba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. Rage murya zuwa rabi, kuma a bisa babur ka cire shi gaba ɗaya ka ji odar motar da ke bayanka.