Me ya sa rawar Ibo ta yawaita a zanen zamani na Najeriya?

Tambaya: Na ga hotunan zane-zanen Ben Enwonwu a intanet, kuma yawancinsu masu rawa ne da dodannin Ibo, jikinsu dogo siriri. Shin akwai wata ma'ana a ciki, ko kuwa abin da Turawa ke son saya ne kawai ya riƙa zana musu? (Wata ɗaliba daga Kaduna)

Amsa: Malama, zargin da kika yi yana da tushe, domin har yau ana zana masu rawa barkatai a kai otel-otel a sayar wa baƙi. Sai dai Enwonwu ba ya cikin wannan sahu, kuma tarihinsa ne zai nuna miki hakan.

An haife shi a Anacha a 1917, mahaifinsa masassaƙi ne na gargajiya, saboda haka ya buɗi ido ya ga yadda ake sassaƙa itace kafin ya san fentin Bature. Ya koyi zane a hannun Kenneth Murray, wani malamin zane ɗan Ingila, sannan ya tafi makarantar zane ta Slade da ke Landan. A lokacin, gidajen tarihi na Turai cike suke da fuskokin dodanni da aka kwaso daga Afirka aka rataye a bango ko aka rufe cikin gilashi, ba kaya, ba kiɗa, ba mai sanyawa. A wurin Ibo kuwa, fuskar itace ɓangare ne kawai na dodo; ba ta cika sai an haɗa ta da tufafi, da ganga da sarewa da ƙararrawar ƙarfe da suke kira ogene, da taron jama'ar da ke amsawa. A fahimtata, babban aikin da Enwonwu ya yi shi ne mayar wa fuskar nan motsin da aka raba ta da shi. Jerin zanensa da ya kira Africa Dances, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana komawa kansa, ya yi suna ɗaya da littafin da wani Baturen Ingila, Geoffrey Gorer, ya wallafa a 1935. Gorer ya kalli rawar da idon matafiyi, Enwonwu kuwa ɗan gida ne.

Ɗaya daga cikin dodannin da ya fi zanawa shi ne agbogho mmuo, wanda ke wakiltar ruhin budurwa. Maza ne ke sanya shi, amma suna kwaikwayon taku da yangar 'yan mata, fuskar fara fat, hanci siriri, a ka kuma doguwar kwalliyar kitso, kayan jikin matsattsu masu ado da launuka masu haske. Farin fuskar alama ce ta duniyar ruhohi, ba kwaikwayon fatar Bature ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka. Tsawon jikin da kika lura da shi yana da nasaba da wannan: tsayi da dogon wuya suna cikin siffofin kyau da dodon yake nunawa, sannan mai zane yana da matsalar da mai rawa ba shi da ita, wato takardarsa ba ta motsi. Enwonwu ya warware matsalar ta hanyar miƙa gaɓoɓi, da lanƙwasa baya, da jera jikkuna da dama a lanƙwashe iri ɗaya har idon mai kallo ya riƙa bin su kamar yana bin kiɗa. Idan kika sake duba hotunan, ki lura da gwiwoyi a durƙushe da ƙirji da ya karkata gaba, domin haka ake rawar a zahiri, nauyin jiki yana neman ƙasa. A shekarunsa na ƙarshe, kafin rasuwarsa a 1994, ya mai da hankali sosai kan wani dodon mai suna ogolo, wanda ke wakiltar ruhin namiji, kuma zane-zanen wannan lokaci sun fi nauyi da alhini.

Game da kasuwa, ya kamata a tuna cewa zanensa mai suna Tutu, wanda aka sayar a Landan a 2018 kan sama da fam miliyan 1, hoton wata gimbiyar Ife ne, babu rawa a cikinsa ko kaɗan, ke nan ba rawa kaɗai masu saye ke nema a aikinsa ba.

Ba duk masu zanen Ibo ne suka bi hanyarsa ba, kuma a nan Zariya ta shigo labarin. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna masu cewa kowa ya haɗa dabarun da ya koya a aji da fasahar al'ummarsa. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya ɗauki siririn layinsa mai lanƙwasa ya gina salonsa a kai. Bayan yaƙin basasa ya jagoranci sashen zane a jami'ar Nsukka, inda Chike Aniakor da Obiora Udechukwu suka faɗaɗa wannan salo. A aikinsu sau da yawa ba za ki ga mai rawa ƙarara ba, motsin yana cikin tafiyar layin ne.

Idan kina son bambance aikin ƙwarai da na kasuwa, ki tambayi kanki ko za a iya gane wane dodo ne aka zana daga fuskarsa da kayansa, da kuma ko tsayuwar jikin irin wadda mai rawa zai iya yi ce a fili. Zanen otel yawanci mace ce kawai da tulu ko ganga, wadda ba za a iya danganta ta da wani gari ko wani biki ba.