ECG ya ce lafiya, to wani hoton zuciya kuma na mene ne?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Maigidana ne, shekararsa 54, yana da hawan jini da suga, in ya hau bene ko ya yi sauri zai sami jam'i sai ya ce ƙirjinsa ya ɗaure, in ya tsaya ya huta ya sake shi. Mun yi ECG an ce ba komai amma likitan wai sai an yi hoton CT na zuciya, shi kuma maigida ya ce cin kuɗi ne kawai. Dan Allah haka ne?
Daga wata uwargida a Nima, Accra

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. A'a, ba cin kuɗi ba ne, ki gaya wa Alhaji. ECG bugun zuciya yake karantawa mutum na kwance yana hutawa, kamar a duba wayar wutar gida ne alhali bututun ruwa ne ya toshe. Ciwon da kika faɗa, mai zuwa in an motsa ya tafi in an huta, ya fi kama da na jijiyoyin da ke kai wa ita kanta zuciyar jini, kitse yana taruwa a bangonsu shekara da shekaru har hanyar ta matse, suga da hawan jini kuwa su ne ke ƙara masa gudu.

CT ɗin iri biyu ne fa, kar a rikita ku. Akwai wanda ba allura, minti kaɗan an gama, yana auna kitsen da ya riga ya taurare da kalsiyam ya ba da lamba, ma'aunin da Dakta Agatston na Amurka ya fito da shi a 1990. Sifili alama ce mai kyau, sama da 100 a tashi tsaye, 400 kuwa ya yi yawa. Amma wannan ya fi dacewa da wanda ba ya jin komai, don ba ya ganin ɗanyen kitse mai taushi, kuma shi ne ma mai fashewa jini ya daskare ya toshe hanya lokaci guda. Mai ciwon ƙirji irin Alhaji na biyun ya kamace shi, wanda ake sa ruwan allura a hannu don cikin jijiyoyin zuciya ya fito sarai a ga inda ya matse.

Kafin nan sai an gwada ƙodarsa tunda yana da suga, ku faɗa in yana shan maganin suga metformin saboda ruwan allurar, haka ma in yana da asma, don sukan ba da ƙwayar rage saurin bugun zuciya hoton ya fito da kyau.

In an ga matsewar babba ce za su iya tura ku cibiyar zuciya ta asibitin Korle Bu da ke Accra, wadda Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa a 1989, a zura siririn bututu ta wuyan hannu ko ta matsematsi a duba. In ƙarama ce maganin rage kitse ne kullum, ko da ya ji garau.

Amma in ciwon ya zo masa yana zaune, da gumi ko numfashi sama-sama, ya ƙi tafiya, kar ku jira ranar CT, ku ɗauki tasi sai asibiti ko tsakar dare ne.